Daga Igiyar Rijiya zuwa Gorar Alama: Tarihin Shiga Ruwa a Ƙasar Bici

Sana'ar da ke tura mutum ƙarƙashin ruwa, ko cikin ramin da ido ba ya kaiwa ƙarshensa, tana tsayuwa ne a kan abu uku: wanda ya sauka, wanda ya tsaya a sama, da igiyar da ta haɗa su. Ƙarfin huhu da jarumtar mai nutso suna da ranarsu, amma tarihin wannan aiki a duk inda aka yi shi ya nuna cewa abin da ke mayar da mutum gida shi ne na sama ya san inda yake. Ƙasar Bici, da ke arewa maso yammacin birnin Kano a kan hanyar Katsina, ƙasar gero da dawa da gyaɗa ce, ba mai lissafa ta cikin ƙasashen su da fito. Duk da haka ta daɗe da sanin wannan ƙa'ida, domin a bakin rijiya ta koye ta. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, sa'ad da madatsun ruwa suka kawo tafkuna masu faɗi da zurfi cikin wannan yanki a shekarun 1970, an karɓi ruwan hannu bibbiyu amma ba a ɗauki tarbiyyar igiya an kai bakinsa ba. Masu nutso da tukunyar iska a ƙasashen teku su ma sun taɓa yin irin wannan sakaci, daga baya suka gyara shi da wata dabara mai sauƙi, wato gorar alama da ake sakowa daga ƙarƙashin ruwa a kan zare. Tarihinsu yana haska namu.

A fara da ƙasar kanta. Damina a arewacin Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa yawancin rafuka yashi ne zalla. A ƙarƙashin gonaki akwai tsohon dutse mai tauri, ruwa kuma yana maƙale ne a ruɓaɓɓen sashensa na sama da cikin tsagoginsa. A kan wannan ƙasa aka yi zaman karkara mai cunkoso irin wanda ba shi da yawa a Afirka ta Yamma, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarinsa tun daga shekarun 1960: gona manne da gona, ana nome ta kowace shekara da takin gida, gidaje a warwatse cikin gonakin. Irin wannan zama ba ya ɗorewa sai da rijiya kusa da kowace unguwa, domin mutum da akuya da jaki duk sai sun sha tsawon rani, ga wanki, ga kwaɓar ƙasar gini, ga karofin rini a inda ake yi. Ba banza ba labarin asalin Hausa Bakwai ya rataya a kan rijiyar Kusugu ta Daura, wadda har yau tana nan ana ziyarta. Al'ummar da ta sa rijiya a tsakiyar labarin asalinta ta san darajar mutumin da ke sauka cikinta.

Aikin rijiya kashi biyu ne, haƙa da yasa, kuma mai yasa shi ne ya fi kusa da mai nutso. Yana sauka cikin duhu da sanyi, ruwa har ƙugu ko ƙirji, yana kwashe taɓo da yashin da suka toshe idon ruwa, yana lalubo gugan da ya tsinke ko dabbar da ta faɗa. Duk wannan yana tafiya ne bisa tsari da aka gada. Igiya ta rama ce ko ta kaba ko ta ɓawon kuka, kuma ƙwararre yana bin ta da hannu kafin ya amince mata da ransa. Ana gicciya itace mai ƙwari a bakin rijiya, ana sassaƙa 'yan matakai a bango inda ƙasa ta yarda. Na sama ba ya barin wurin ko da na ɗan lokaci, ba a kuma danƙa riƙon igiya ga yaro ko wanda bai san aikin ba. Idan zurfi ya haɗiye murya, girgizar igiya ce magana: a ja guga, a dakata, a fito da ni. Tsohuwar rijiyar da ta daɗe a rufe kuwa, masu lura sukan fara zura fitila, in ta mutu a ƙasa sai a fasa sauka, a bar rijiyar a buɗe ta sha iska. Kimiyya ta tabbatar da wannan hikima, domin gurɓatacciyar iska mai nauyi tana kwanciya a gindin rami ta kori wadda ake shaƙa, kuma harshen wuta da huhun mutum abu ɗaya suke bukata.

Wannan tarbiyya ta fara sirancewa ne sannu a hankali. Tun shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta shiga gina rijiyoyin siminti a Arewa, waɗanda ba sa rubzawa kamar na ƙasa, saboda haka ba a yawan neman mai yasa. Daga shekarun 1980 rijiyar burtsatse ta bazu cikin ƙauyukan Kano ta hannun hukumomin raya karkara irin su KNARDA, ita kuwa ba mai shiga cikinta. Wannan ci gaba ne na gaske, ya sauƙaƙa wa mata da yara wahalar jan guga, ya rage cututtukan ruwa. Sai dai ya rage yawan samarin da ke tashi a hannun tsofaffin masu haƙa, har aka wayi gari ana sauka rijiya ba da cikakken ilmin ba. Labarin da ake maimaitawa a rahotannin hukumar kashe gobara ta jihar Kano iri ɗaya ne: mutum ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto ba tare da igiya ba, shi ma ya tsaya. Injin jan ruwa mai amfani da fetur ya ƙara wani haɗarin, domin hayaƙinsa a cikin rami yana kashewa ba tare da gargaɗi ba. Wato dai ilmin igiya ya yi rauni daidai lokacin da ruwa mai faɗi ke shigowa ƙasar.

Hausawan bakin gulbi suna da nasu rabin ilmin, shi ne gora. Kabawa na Argungu da Sarkawa na Yawuri sun daɗe da sanin cewa babban duman da aka fafe aka busar yana ɗauke mutum a kan ruwa. Masunci yana kifa cikinsa a kai yana tafiya da ƙafa, hannuwansa riƙe da koma, in ya kama kifi ya jefa cikin bakin gorar. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya bayyana yadda a ƙasar Barno ake haye kogi da manyan ƙorai da aka haɗa da itace. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu garin, yana nuna wannan fasaha a fili a ruwan Matan Fada, inda dubban masunta ke faɗawa da gorunansu bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Gora tana da aiki na uku bayan ɗaukar mutum da ajiye kifi, wanda ba a cika ambata ba: alama ce. Inda aka ga gora tana lilo babu kowa a kanta, an san mai ita yana ƙasa kusa da ita, kuma masu shimfiɗa mamari ko kalli suna ɗaura mata igiyarsu don su gane wurin, wasu kuma su kauce masa. Mutanen tudu sun riƙe igiya, mutanen gulbi sun riƙe gora, kowa da ruwan da ya dace da abinsa.

Sai ga madatsun ruwa. Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki tare ruwan damina a matsayin babban aikinsa, fari mai tsanani na 1972 zuwa 1974 kuma ya gaskata hangensa. An gama madatsar Bagauda a 1970, aka gama Tiga a 1974 da tafkin da ke ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, hukumar ruwa ta jihar, WRECA, ta ci gaba da gina wasu a sassan jihar, ciki har da Tomas wajen Dambatta da kuma Watari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980 a Bagwai, maƙwabciyar Bici. Alherin da suka kawo ba a musunsa: noman rani na shinkafa da tumatir da albasa, ruwan famfo, kifi ɗanye a kasuwannin da dā sai busasshe. Amma sun kawo wa manomi abin da kakansa bai sani ba. Ƙauyukan da a dā ake zuwa da ƙafa ta cikin busasshen rafi sai ruwa ya raba su, kwale-kwale ya zama abin hawa na kasuwa da biki da makaranta. Masunta daga wasu wurare suka zo suka zauna, 'ya'yan manoma suka koyi iyo da jefa birgi, wasunsu suka koyi nutso don kwance tarun da ya sarƙe ko ciro abin da ya nitse. Sana'a ce sabuwa da ta tsiro cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya, ba ta samu ɗaruruwan shekarun da rijiya ta samu ba don ta tace dokokinta.

Me ya hana ilmin rijiya ya bi mutane zuwa tafki kai tsaye? Dalilin yana cikin siffar wuraren biyu. Mai shiga rijiya ba ya ɓata, domin bango ya kewaye shi, ko igiya ta tsinke an san inda za a neme shi. A tafki kuwa mutum yana nitsewa nan ya ɓullo can, iska tana tura kwale-kwalen da ya baro, ruwan ja ne da laka har ba ya ganin tafin hannunsa, a ƙasa kuma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye da tsofaffin taru na roba da ba sa ruɓewa. Igiyar da aka ɗaure a wuri ɗaya ba ta isa a nan, sai an haɗa ta da abin da ke yawo a sama tare da mutumin. A shekarar 2008 kwale-kwale ɗauke da 'yan biki ya kife a ruwan Bagwai, mutane da dama suka rasu. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani ya sake kifewa tsakanin Badau da Bagwai, yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su wajen Mauludi, rahotannin farko suka ce aƙalla 29 sun rasu. A irin waɗannan ranaku masu fara faɗawa ruwa su ne masunta da samarin gari, da numfashin ƙirjinsu kawai. Sun cancanci yabo da addu'a, sun kuma cancanci a tambaya a madadinsu: wa ke riƙe da igiyar mai ceton?

Idan aka duba wasu al'ummomin da nutso ya zama musu gado, za a ga duk sun isa ga amsa ɗaya ba tare da sun ga juna ba. A Bahrain da Kuwait da Ƙatar, kafin lu'ulu'un da Japan ke renonsa da kuma man fetur su kashe sana'ar a shekarun 1930, mai nutson lu'ulu'u yana sauka da dutse ɗaure a igiya ɗaya, a hannunsa kuma akwai igiya ta biyu. Kowane mai nutso yana da mai jansa a cikin jirgi, wanda aikinsa shi ne ya ji fizga ɗaya ya janyo shi da sauri, kuma yana da kasonsa sananne a ribar tafiyar. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu mata ne ke nutso don ɗebo abincin teku, kowace da abin shawaginta a sama da raga rataye a jikinsa, inda take hutawa tana ajiye abin da ta samo. A dā da duma ake yin sa, kamar dai gorar Argungu, kafin a koma na roba. A taron UNESCO na 2016 a Addis Ababa aka shigar da al'adar matan Jeju da bikin Argungu cikin jerin gadon al'adu na duniya, a zama ɗaya. Tekun Koriya da gulbin Kabi ba su da wata alaƙa, amma matsalar ɗaya ce, maganin ma ya zo ɗaya.

Nutson zamani da farko bai rabu da igiya ba. Rigar nutso mai hular tagulla da Augustus Siebe ya inganta a Landan a shekarun 1830 tana da bututun iska da igiyar rai, duka biyu a hannun mutanen sama, ana magana da adadin fizga. A 1908 John Scott Haldane ya fitar da jadawalin da ke nuna cewa wanda ya daɗe a zurfi dole ya hau a hankali yana tsayawa mataki-mataki, in ba haka ba iskar da ta narke cikin jininsa za ta yi kumfa ta shanye masa gaɓoɓi ko ta kashe shi. Sai a 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa na'urar da ke ba mutum damar goya tukunyar iskarsa ya tafi inda ya ga dama. 'Yanci ne babba, amma ya tsinke igiyar. Mai nutso ya koma ɓullowa nesa da jirginsa, kansa ɗan ƙarami tsakanin raƙuman ruwa, ko farfelar wani jirgi ta sare shi, ko igiyar ruwa ta tafi da shi ba wanda ya gani. Aka fito da tutoci, shuɗiya da fara ta dokar jiragen ruwa ta duniya da ja mai farin layi da ta yaɗu daga Amurka a shekarun 1950, amma tuta tana nuna inda jirgi yake ne kawai. A 1998 wani jirgin yawon buɗe ido ya dawo gaɓa a Ostareliya ya bar mata da miji a teku, ba a sake ganinsu ba, lamarin da ya sa aka tsaurara dokokin ƙirga mutane da ɗaukar kayan alama.

Gorar alama ita ce igiyar da ta dawo a sabuwar siffa, kuma yadda ake haɗa ta ya cancanci a fayyace, domin kowane sashe nata darasi ne da aka saya da rayuka. Doguwar jaka ce ta roba ko yadi mai hana ruwa, tsawon mita ɗaya zuwa biyu, launin ruwan lemo ko ja ko rawaya don a hango ta daga nesa. Ana naɗe ta a sa a aljihu tare da kwarkwaro mai siririn zare mai ƙwari. Zaren dole ya fi zurfin da za a sake ta tsawo sosai, domin igiyar ruwa tana karkatar da shi, in kuma ya ƙare gorar ba ta kai sama ba to mai riƙe da shi za ta ja. Tun a tudu ake warware zaren duka a sake naɗe shi daidai, a tabbatar gindinsa yana ɗaure a kwarkwaro, a yi madauki a bakinsa a zura cikin zoben gorar ko a maƙala da ƙugiya mai rufi. Wasu ƙungiyoyin nutso, musamman a Turai, sun yi yarjejeniya cewa mai ruwan lemo tana nufin lafiya lau muna hawowa, rawaya kuma tana nufin akwai matsala, amma wannan ba ya aiki sai an faɗa wa mai jirgi kafin a shiga ruwa. Alama ba ta da amfani in mai kallonta bai san ma'anarta ba.

Sakinta kuma yana da nasa tsari. Mai nutso yana daidaita kansa a zurfi ɗaya, ya sanar da abokinsa, ya ɗaga kai ya tabbatar babu mutum ko jirgi a samansa, ya riƙe kwarkwaro nesa da jikinsa da kayansa, sannan ya hura iska kaɗan. Kaɗan ɗin nan dokar halitta ce ta sa, wadda Robert Boyle ya bayyana a 1662: a zurfin mita 10 nauyin da ke danne iska ninki biyu ne na wanda ke sama, saboda haka gorar da aka cika rabi a can za ta iso sama a cike. Da ta fara ja sai a sake ta, zare yana gudu. Babbar doka ita ce kada a taɓa ɗaura kwarkwaron a jiki lokacin sakin, in kuma zare ya sarƙe a saki komai ya tafi, domin gorar da ta fizgi mutum zuwa sama da gudu tana iya fasa masa huhu ko ta jawo masa ciwon da Haldane ya yi gargaɗi a kai. Idan ta isa sama, ana ɗan jan zaren ya yi tauri don ta miƙe tsaye, sannan a riƙa naɗewa ana hawa a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti uku a mita 5. Duk tsawon wannan lokaci mai jirgi yana bin gorar da ido, sauran jirage suna kaucewa.

Mai musu zai ce wannan kwatanci an tilasta shi ne, domin masuncin Watari ba ya goya tukunyar iska, ba shi da kuɗin sayen kayan da ake shigowa da su da dala. Gaskiya ne, kuma ba kayan nake kira a kwaso ba. Mai nutso da numfashinsa ba ya bukatar hura komai a ƙasa, ba ya bukatar tsayawa a mita 5. Abin da yake bukata shi ne ainihin ƙa'idar, kuma kayanta suna cikin kowane gida a ƙasar Bici: gora ko jarka mai launi mai haske da aka toshe bakinta, igiyar da ta fi zurfin wurin tsawo, da dutse. Masu aikin ceto a duniya, abu na farko da suke yi a inda jirgi ya nitse shi ne su jefa nauyi ɗaure da igiya da abin shawagi don wurin kada ya ɓace, domin bayan 'yan mintoci iska ta juya kwale-kwale, shaidu kuma kowa yana nuna wajensa. Daga wannan igiya mai nutso ke sauka, yana kewayawa a da'ira yana faɗaɗa ta, na sama yana ƙirga lokaci yana jin fizga. A ruwan da ido ba ya aiki, wannan ita ce hanyar da ke tabbatar da cewa an lalube ko'ina, ba a maimaita wuri ɗaya sau goma ba. Kuɗinta bai kai na buhun taki ba.

Musu na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga bakin masunta yake fitowa: igiya ita ma tana kisa. A tafkin da ke cike da kututture da tsohon taru, mutumin da ya ɗaura igiya a ƙugu ya ƙara wa kansa abin sarƙewa, shi ya sa da yawa suka fi son su shiga hannu rabbana. Wannan tsoro yana da tushe, kuma masu tukunyar iska sun san shi, shi ya sa dokokinsu suka taru a kansa. Amsar tana cikin yadda ake riƙe igiyar. Igiyar alama da dutse a tsaye take, mai nutso yana bin ta ne da hannu, bai ɗaure da ita ba. Wadda yake tafiya da ita kuwa a hannu take ko a ƙulli mai kwancewa da ja ɗaya, na sama yana tsare ta kada ta yi sako-sako, domin sakakkiyar igiya ita ke naɗe ƙafa. Wuƙa ƙarama tana jikinsa inda kowane hannu zai kai. Tarun da ya kama mutum marar igiya ya riƙe shi a inda ba wanda ya sani, wanda ke da igiya kuwa abokinsa zai bi ta ya iske shi cikin daƙiƙun da suka rage. Haɗarin igiya ana rage shi da horo, haɗarin ɓacewa kuwa ba abin da ke rage shi sai alama.

Akwai kuma masu cewa abin da ya faru a Bagwai lodi ne ya yi yawa, gora ba za ta hana jirgi kifewa ba, wasu kuma su rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare. Na farko daidai ne: iyakance lodi, rigar kariya ga kowane fasinja, hana fito da dare, da gada ko hanya inda ta yiwu, su ne gaba da komai, kuma ba abin da na faɗa da zai maye gurbinsu. Amma ko an yi duk wannan, mutane za su ci gaba da shiga ƙarƙashin ruwa kowace rana don taru da injin ban ruwa da dabbar da ta zame, kuma ranar da tsautsayi ya auku za a sake kiransu. Batun ƙaddara kuwa, mun yi imani da ita, kuma addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Tsofaffin masu yasar rijiya ba su fi mu ƙarancin tawakkali ba, amma sun zura fitila, sun gwada igiya, sun zaɓi wanda zai riƙe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa ta kashe mutane kimanin 300,000 a 2021, nahiyar Afirka ce kuma ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a. A shekarar 2021 ɗin ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatar da cewa yawancin waɗannan mace-mace ana iya hana su.

Abin da ya rage shi ne wa zai ɗauki nauyin, kuma tarihin ya nuna hanya. Dokar rijiya ba gwamnati ce ta rubuta ta ba, masu sana'ar ne suka tsare ta, ubangida yana ƙin sauka in bai yarda da mai riƙe igiya ba. Dokar gorar alama ma ƙungiyoyin masu nutso ne suka koyar da ita har ta zama sharaɗin hawa jirgi a wurare da yawa. A bakin Watari da Tomas da Tiga akwai sarakunan ruwa da shugabannin masunta, akwai dagatai da hakimai da limamai da ake jin maganarsu, akwai hukumar kashe gobara da ke da masu horo. Idan waɗannan suka tsayar da cewa ba mai nutso shi kaɗai, ba mai nutso ba tare da gora a samansa da mutum mai ƙirga masa lokaci ba, kuma kowane mashigin kwale-kwale ya ajiye igiya da nauyi da jarka a shirye, to an haɗa rabin ilmin tudu da rabin ilmin gulbi a wurin da ake bukatar su tare. A ba mai riƙe igiya kasonsa a abin da aka samu, kamar yadda masu lu'ulu'u suka yi, domin aikin da ba a biya ba shi ake fara watsarwa. Tafkunan sun haura shekara arba'in a ƙasar nan, sun isa a yi musu dokar sana'a, kuma gara a tsara ta yanzu da sauran tsofaffin masu yasa da za a tambaya.